Word ko PDF, wanne zan tura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara. Na rubuta rahoto a Word, da hotuna da jadawali a ciki. Duk wanda ya buɗe a waya sai ya ce shafukan sun hargitse, ƙ da ɗ kuma sun koma akwatuna. An ce in mayar da shi PDF, to amma mutum ɗaya a cikinsu zai yi gyara. Yaya zan yi?

Wani malami: Wa alaikumus salam. Raba mutanen gida biyu, ɗan uwa. Masu karantawa kawai ka ba su PDF, mai gyara ka ba shi DOCX, wato ainihin fayil ɗin Word. Word ba ya ɗauke da samfurin rubutun da ka zaɓa sai ka umarce shi, don haka wayar da ba ta da shi sai ta sa wani a madadinsa, layuka su goce, haruffa masu lanƙwasa su ɓace idan sabon bai san da su ba. Shi kuwa PDF yakan tafi da samfurin a cikinsa. Don wannan matsalar kamfanin Adobe ya fito da shi tun 1993.

Wata 'yar uwa: Gaskiya ne Malam, sai dai kada ya ɗauka PDF kwaɗo ne. Ana iya sauya shi. Kuma kafin ka tura DOCX ka duba sharhin gefe da tarihin gyare-gyare, don suna bin fayil ɗin, wanda ka tura wa zai iya ganin abin da ka goge.

Wani ɗan uwa: Ni dai hoton shafukan nake ɗauka in tura, ba ruwana.

Wata 'yar uwa: Haba Yallaɓai! Hoto ba a neman kalma a cikinsa, ga WhatsApp na matse shi har ƙananan rubutu su dusashe. In ya zama dole, a tura shi a matsayin takarda.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Fayil ɗin fa ya yi nauyi, imel ya ƙi ɗauka.

Wani malami: Gmail ba ya wuce megabait 25. Hotunan ne suka kumbura shi. Rage girmansu kafin ka fitar da PDF ɗin, ko ka ɗora a Google Drive ka aika mahaɗin kawai.