Kuɗin fakin a Riyad: gyaran gari ne ko tatsar mai ƙaramin ƙarfi?

Ɗan Maraɗi mandub: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ni fa abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya gara in amayar da shi. Wannan kuɗin mawaƙif, wato kuɗin ajiye mota, da aka saka a titunan Ulayya da Sulaimaniyya da Wurud tun 2024 ba don gyaran gari aka yi shi ba, tatsar mai ƙaramin ƙarfi ce kawai. Riyal 3 da halala 45 duk awa, mai Lexus ko a jikinsa, amma ni mandub, mai kai odar abinci gidaje, da nake tsayawa sau ashirin ko fiye a yini ina ɗaukar oda ina kaiwa ku lissafa min. Kuma ana cewa wai don lafiyar jama'a, ina ruwan lafiyar jama'a da biyan kuɗin ajiye mota?

Abu Yasir: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa minti 15 na farko ai kyauta ne, kai da za ka shiga ka ɗauko leda ka fito me zai ci maka awa?

Ɗan Maraɗi mandub: Yaya Abu Yasir da gani ba ka taɓa tsayawa layin maɗa'am, wato gidan abinci, ranar Alhamis ƙarfe tara na dare ba. Mandub goma ne a gabanka, a ce maka saura minti biyar, minti biyar ɗin ta zama arba'in kana tsaye kana leƙen motarka ta gilashi gabanka na faɗuwa. Odar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba a cire mai a cire fakin, me ya rage da za a tura gida?

Abu Yasir: Na ji wannan kuma ban raina ba. Amma ni shekara tara ina aiki a shago ɗaya a Ulayya, a da tun ƙarfe bakwai na safe ma'aikatan ofisoshin sama sun cinye gaban shagunanmu kaf, mota ɗaya ta kafe a wurin har bayan isha, zabun, wato mai saye, ya zo ya zagaya sau uku bai samu inda zai tsaya ba ya wuce abinsa, ko kuma ya yi fakin a layi na biyu ya toshe hanya a yi ta danna hon. Yanzu wallahi ana samun gurbi. Da idona nake gani ba labari aka ba ni ba.

Baban Khalifa sawwaƙ: Ku kun samu zabun, mu kuma mun samu wahala. Mu direbobin gida wa ya tuna da mu a lissafin nan? Madam za ta shiga asibiti ko kasuwa ta ce jira ni, ta yi awa uku, in ka biya daga aljihunka ne don ba kowane kafili, wato mai gidan da ya ɗauke ka aiki, ne za ka iya buɗe baki ka ce masa ba ni riyal goma na fakin ba, in ba ka biya ba aka rubuta mukalafa, wato tara, a albashinka za a zare. To abin da da yawanmu ke yi shi ne mu yi ta zagaye da mota ko mu kutsa lungun unguwa mu laɓe a ƙofar gidan wani. An gudu ba a tsira ba kenan, an kwashe cunkoson daga babban titi an zuba shi cikin lungu inda yara suke.

Maman Ikram: Baban Khalifa ka taɓo inda yake min ciwo. Ɗan Maraɗi ya ce ina ruwan lafiyar jama'a da fakin, bari in gaya maka ƙanina. Bara da azumi maƙwabcinmu dattijo ya yanke jiki ya faɗi ana gab da shan ruwa, aka kira 997, motar is'af, mai ɗaukar marasa lafiya, ta iso cikin lokaci amma ta kasa shiga layinmu saboda motoci hagu da dama, ga wani kuma ya gindaya tasa a bakin kwana ya tafi masallaci ko ina oho. A bargo 'ya'yansa suka ɗauko shi da gudu har bakin titi, matarsa na biye ba ko takalmi. Allah ya yi da sauran kwanansa ya tashi, amma tun ranar in na ga mota a bakin kwanar nan sai jikina ya yi sanyi, ina cewa da gobara ce fa, babbar motar difa'ul madani, masu kashe gobara, ta ina za ta bi? Ni in dai kuɗi ne zai sa mutane su daina jefar da mota duk inda suka ga dama to a karɓa, har unguwarmu ma a kawo.

Ɗan Maraɗi mandub: Allah ya ƙara masa lafiya Hajiya. Amma wannan ai aikin murur ne, 'yan sandan kula da titi, dokar tana nan tun da, wanda ya tsaya inda ba a tsayawa tararsa riyal 100 zuwa 150, wanda ya tare wurin masu buƙata ta musamman 500 zuwa 900. A kama mai laifi a ci shi tara, a kawo sadaha, motar ɗauke motoci, ta ja motarsa, ban ce komai ba. Abin da na ƙi shi ne a ce ni da na tsaya daidai cikin layi ni ma sai na biya.

Injiniya Abu Hafsa: Bari in saka baki don aikin titi nake yi. Garin nan mutanensa sun kai kusan miliyan 7 a ƙidayar 2022, kuma an gina shi ne a kan cewa kowa da motarsa, tun 2018 da mata suka fara tuƙi gida ɗaya sai ka ga mota uku huɗu. Ga masu gidaje da ke yanka filla ɗaya, wato babban gida guda, su mai da ita shigga, wato sassan haya, shida ko takwas don kuɗin haya, ƙofar gidan kuwa mota biyu kawai take ɗauka, sauran ina za su? Sai rasif inda masu tafiya a ƙafa ke bi, sai kwana, sai ƙofar maƙwabci. Wurin ajiye mota ƙasa ce, ƙasa kuma a Ulayya kowa ya san tsadarta, in an bar shi kyauta wanda ya riga zuwa shi ke cinyewa yini guda, saura su yi ta shawagi suna nema, kuma wannan shawagin shi kansa wani babban kaso ne na cunkoson da muke kuka da shi. Kuɗin ba don a tara dukiya ba ne kaɗai, don mota ta tashi wata ta samu ne. Sannan abin da Baban Khalifa ya faɗa na kwarara cikin lungu an san da shi, shi ya sa tsarin ya haɗa da tasarihi, wato izinin ajiye mota, na mazauna unguwa da baƙinsu ta manhajar Riyadh Parking, kuma wannan tasarihin ba a biyan ko halala.

Baban Khalifa sawwaƙ: Injiniya shi kenan in lungun ma an rufe min ina zan tsaya? Tambayata kenan fa.

Injiniya Abu Hafsa: Gaskiyarka, kuma ni ma a nan nake ganin gyara. Kuɗin jiran madam kafili ne ya kamata ya biya ba direba ba, na mandub kuma kamata ya yi a ware musu gurbin lodi a gaban gidajen abinci, kamfanonin da suke wa aiki su ɗauki nauyi. Amma mai zuwa ofis ya zauna awa tara ba shi da uzuri yanzu, metro ya fara aiki tun 1 ga Disamba 2024, layi 6, tasha 85, kilomita 176, tikitin awa biyu riyal 4, na wata riyal 140. Shuɗin layi daga Manfuha ya bi Baɗha ya miƙe har Ulayya.

Ɗan Maraɗi mandub: Metro na da kyau ban musa ba, ranar hutuna shi nake hawa. Amma ba a kai shinkafa da kaza gidan mutane a metro.

Baba Alhaji na Manfuha: 'Ya'yana na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne yake buga min wannan. Shekarata arba'in da wani abu a garin nan. Kuna ta maganar Ulayya, mu nan kudu ba kuɗin fakin ne damuwarmu ba. A bayan gidanmu akwai wani fili da ya fi shekara ashirin a haka, an cika shi da matattun motoci da manyan motocin kaya, ƙura da ɓeraye, da dare ba fitila mata ba sa iya ratsawa. Yaranmu ba su da wurin wasa sai tsakanin motoci, rana kuma ba ta bari su fito sai bayan magariba lokacin da direba ba ya ganinsu sosai, sau biyu a gabana mota tana taɓa yaro yana bin ƙwallo. Ina jin labarin Hadiƙar Sarki Salman, lambun shaƙatawar nan da ake yi a tsohon sansanin jiragen sama, fiye da murabba'in kilomita 16, da bishiya miliyan 7 da rabi da aka ce za a shuka a faɗin garin tun sanarwar 2019, na je Aziziyya na ga an fara kuma na yi murna. Abin da nake roƙo ɗan ƙarami ne, bishiya ashirin da lilo da fitila a inda yaro zai je da ƙafarsa.

Maman Ikram: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi kamar ka shiga zuciyata, mu sai ranar Juma'a in babansu na gida muke kai su Hadiƙar Salam, sauran kwana shida suna kulle a shigga da waya a hannu.

Baban Khalifa sawwaƙ: Baba a gafarce ni, amma in aka mai da filin hadiƙa motoci hamsin ɗin da ke kwana a ciki layinku za su dawo, sai mu koma kan labarin is'af ɗin Maman Ikram.

Baba Alhaji na Manfuha: Rabinsu ba sa tashi ɗana, tayoyinsu sun nutse a ƙasa. A kwashe matattun tukuna a ga nawa suka rage.

Injiniya Abu Hafsa: Baba abu na farko a san filin na wa ne. In na baladiyya ne, wato hukumar gari, da aka ware don hadiƙa tun a taswirar unguwa to magana ta yi sauƙi, in kuma na wani ne da ya ajiye yana jiran ya yi tsada ba za a dasa masa lilo a ciki ba, sai dai harajin filayen da aka bari ba gini, wanda aka fara da kashi 2.5 a shekara kuma a 2025 aka ɗaga har zai iya kai kashi 10, shi ma ya danganta da girman filin. Matattun motocin kuwa ba sai an jira komai ba, a ɗauki hoto a shigar da balagi, wato rahoton ƙorafi, ta manhajar Balady ko a kira 940, kuma kada mutum ɗaya ya yi, gida goma su yi.

Maman Ikram: Ni zan yi na kwanarmu yau in sha Allahu. Jikan Baba in kana gani ka turo min hoton filin da sunan titin ta waya, akwai matan layinku uku da muke islamiyya tare zan gaya musu.

Abu Yasir: Ɗan Maraɗi to yanzu fa, har yanzu tatsa ce?

Ɗan Maraɗi mandub: Na kwana da na bakin masallaci na yarda a ja motarsu ko tawa ce. Amma muddin ba a ware mana wurin tsayawa ba kuma daga aljihuna riyal ukun nan ke fita ina nan kan bakana Yaya. Oda ta shigo daga Sulaimaniyya, in na sauke zan turo muku hoton gaban maɗa'am ɗin ku nuna min inda ya kamata in tsaya.