Me za mu kira "dictator game" da Hausa?

Jama'a, masu karatun tattalin arziki da masu aikin fassara, ku zo mu tsaida magana a kan gwajin nan da Turawa ke kira "dictator game", don na ga wasu na rubuta "wasan ɗan kama-karya" kuma gaskiya sunan bai kwanta min ba ko kaɗan.

Ga yadda ake yin sa. Mutum biyu ne da ba su san juna ba, ba za su ma ga juna ba. Sai a damƙa wa ɗaya kuɗi, a ce dala 10, a ce raba da wancan yadda ka ga dama, ko rabi, ko dala ɗaya, ko ka zuba duka a aljihu ka kama gabanka ba mai ce maka don me. Na biyun ba shi da ta cewa. Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler ne suka fara irin sa a 1986. Lissafin masana na da shi ne ɗan Adam kansa ya sani, to zai riƙe duka. Amma da Christoph Engel ya tattara sakamakon bincike sama da 100 a 2011 sai ya ga a matsakaici mutane na ba da kusan kashi 28 cikin 100, wajen 36 cikin 100 kuma ko sisi ba sa bayarwa.

To ina kama-karya a nan? Bahaushe in ya ji kama-karya zalunci zai hango, danniya, ƙwace, mulkin bindiga. Nan kuwa ba a ƙwace wa kowa komai ba, iko kawai aka sakar wa mutum ana kallon me zai yi da shi.

Wani ya kawo "wasan sadaka". Na so shi da farko amma sadaka tana da niyya da neman lada, kuma galibi ka san mabuƙaci kake ba wa. Nan ba ka san waye ba, wataƙila ma ya fi ka kuɗi. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne, Catherine Eckel da Philip Grossman a 1996 sun canja mai karɓa ya zama ƙungiyar Red Cross, sai bayarwa ta ƙaru sosai. Kun ga ashe sadaka daban take.

"Gwajin karamci" ma ban yarda da shi ba, don ya riga ya yanke hukunci tun kafin a gwada. Elizabeth Hoffman da Kevin McCabe da Vernon Smith sun shirya shi ta yadda ko mai gwajin ba zai san nawa ka sa a ambulan ba, kowa ya shiga shi kaɗai ya zuba abin da zai zuba ya liƙe, sai ga fiye da rabi ba su ba da komai ba. Wato wani kason abin da muke cewa karamci kunya ce da idon mutane.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne "gwajin wuƙa da nama". Kowa ya san in an ce wuƙa da nama na hannun wane, shi zai yanka shi zai raba, in ya ga dama ya miƙo maka cinya in ya ga dama ƙashi. Kalmar ba ta zage shi ba, ba ta yabe shi ba. Kuma na fi son gwaji a kan wasa saboda kuɗin na gaske ne, da su mutum ke tafiya gida.

Akwai ɗan'uwansa "ultimatum game" na Werner Güth da abokan aikinsa a Jamus, 1982. Shi na biyun yana da ikon ƙi, in ya ƙi dukansu su tashi a tutar babu. Wannan kam Hausa ta riga ta gama masa suna, "gwajin a fasa kowa ya rasa". Mutane da yawa sukan ƙi tayin da bai kai kashi 20 ba, gara su rasa da a raina musu hankali. Amma fa ba ko'ina ba, Joseph Henrich ya ga 'yan ƙabilar Machiguenga na ƙasar Peru suna tayin kusan kashi 26 kuma da wuya a ƙi.

Saura sunan na biyun a gwajin wuƙa da nama. "Mai karɓa" ya yi min, wani ya ce "ɗan kallo" amma ai yana iya samun wani abu. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka karanta shi da Faransanci, ku faɗa mana ko malamanku sun taɓa ba shi suna da Hausa.