Neman kalmar Hausa: me za mu kira "parody"?

Malamaina da abokan aikin fassara, kalmar da ta tsaya mini a maƙogwaro wannan makon ita ce "parody", kalmar Turanci ta kwaikwayon wani sanannen aikin fasaha don a ba da dariya ko a yi masa tsokaci, kuma inda na ci karo da ita ya ƙara mata nauyi, domin labari ne kan finafinan batsa na Amurka da ake zuba wa maƙudan kuɗi don a kwaikwayi fitattun finafinan Hollywood.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Pirates na 2005, wanda kamfanin Digital Playground ya kashe wa sama da dala miliyan 1, ya ari jigon jiragen ruwa da 'yan fashin teku daga fim ɗin Pirates of the Caribbean na 2003. A 2006 aka fitar da wani kwafi da aka datse wa wuraren batsa don ya shiga kasuwar kowa da kowa. Kashi na biyu, na 2008, an ruwaito ya ci dala miliyan 8, kuma a 2009 Jami'ar Maryland ta soke nuna shi ga ɗalibai bayan wani sanatan majalisar jihar Maryland, Andy Harris, ya yi barazanar a toshe mata kuɗin gwamnati. Ke nan jama'a sun leƙa, amma ba su shimfiɗa masa tabarma ba.

Da farko na rubuta "kwaikwayo", sai na goge, saboda wasan kwaikwayo ya riga ya mallake kalmar. Wani abokin aikina ya ce in sa "zambo". Zambo kuwa mutum ake yi wa, kamar yadda makaɗin fada ke yi wa abokin hamayyar sarkinsa, ba wani aikin fasaha ba. "Wanki", wanda 'yan fim ɗinmu ke faɗa idan an kwashe labarin fim ɗin Indiya, shi ma bai zauna ba, domin mai wanki ɓoye tushensa yake yi, alhali mai wannan sana'ar da tushen yake talla, har a jikin kwali.

Abin da ya fi kusa a wurina shi ne tashe. Yaron da ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, yana dogara sanda, dariyar da yake bayarwa ta dogara ne kan cewa kowa ya gane wanda ake kwaikwaya. Saboda haka nake ba da shawarar "kwaikwayon ba'a". Ya ma dace da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1994, wanda ya nuna irin wannan aiki na iya samun kariya daga ƙarar haƙƙin mallaka idan yana tsokaci ne kan asalin da ya ara.

Sai dai ban yarda waɗannan finafinai sun cancanci rabin sunan ba. Akasarinsu ba ba'a suke yi wa asalin ba, sutura da suna kawai suke ara, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Don haka a fassarata na bar "kwaikwayon ba'a" ga ainihin kalmar, su kuma na kira su "kwaikwayon batsa". Wanda yake da wadda ta fi wannan zama a baki, ya kawo ta kafin in miƙa aikin ranar Alhamis.