Zama a Yelwan Yauri da kai ziyara: waɗanda suka san bakin ruwa su yi mana bayani

Sabon Ma'aikaci: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Yauri ta jihar Kebbi. Don Allah waɗanda suka san garin su faɗa mana abin da ya kamata baƙo ya sani, musamman batun gida, jirgin ruwa da lokacin da ya fi dacewa iyali su zo ganin gari.

Ɗan Gungu: Wa alaikumus salam Malam, barka da zuwa tun kafin ka iso. Fara da sanin ruwan, domin shi ke juya komai a garin. Yelwa tana can kan tafkin Kainji ta arewa, inda kogin Kwara (Neja) ke shigowa. Tafkin ya samu ne a 1968 da aka kammala dam, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga gungu-gungu, wato tsibirai, da garuruwan bakin kogi. Sau biyu ruwa ke zuwa a shekara. Farin ruwa na damina ne, daga Agusta zuwa Oktoba, mai laka, yana zuwa da ƙarfi. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake iso mana, garau da shi don ya zubar da lakarsa a hanya. Daga Maris ruwa ya fara ja baya ke nan har tsakiyar damina. Wurin da ka ga jirgi ya tsaya a Janairu, a Yuni gonar wani ce. Saboda haka in za ka kama haya ta wajen bakin ruwa, kada ka yi ciniki da abin da ka gani da rani. Duba gindin bango: in akwai layin danshi ko siminti na barewa kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, ruwan Satumba na shiga gidan. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba.

Mai Inji: Ni batun jirgi zan yi, kuma zan tsawaita don a nan ake rasa rai. Da aka cika tafkin ba a sare duka itatuwa ba, kututturansu na nan a ƙarƙashi. Lokacin da ruwa ya cika ana wucewa ta kansu lafiya, da ya ja sai su dawo daf da sama, ba a ganinsu. Jirgin katako mai nauyi ya hau ɗaya da gudu, katakon ƙasa ne ke tsagewa. In an yi sa'a farfela ce kawai ta karye, sai a koma filafili. Shi ya sa direban da ya san hanyar ruwa ya fi mai sabon inji daraja.

Kafin ka shiga, ka tsaya a gaɓa ka kalli jirgin bayan an gama lodi. In tsakanin bakinsa da ruwa bai kai kamu biyu ba, ka jira na gaba, komai saurinka. In an ɗora babura da buhunan hatsi sannan aka zaunar da mutane a kai, nauyi ya koma sama, igiyar ruwa kaɗan za ta kifar da shi. Leƙa ciki kuma: yaron jirgi na kwarfe ruwa jefi-jefi ba komai ba ne, amma in bai ajiye kwano ba tun ana gaɓa, jirgin na yoyo. Da safe ake tafiya. Da damina hadari kan taso daga gabas da yamma lis, kuma a tsakiyar ruwa ba wurin fakewa. Hukuma ta hana tafiyar dare, ta kuma ce a sa rigar kariya. Ka sayi taka da ta yara daidai jikinsu, don ta babba sulluɓewa take yi daga jikin yaro. Wanda ya tuna haɗarin jirgin da aka yi kusa da garin Warrah a Mayun 2021, inda jirgi ɗaya ya tafi da mutane masu ɗimbin yawa, ba sai an roƙe shi ba.

Ɗan Gungu: Gaskiya ne Yaya. A ƙara da dorina. In masunta suka ce kada a bi ta wani lungu, a ji maganarsu, musamman in tana da ɗa.

Hajiya Mai Banda: Ɗana, in iyali sun zo za su so tsarabar kifi, to ga yadda ake saye. Ɗanye da sassafe ake samunsa a bakin ruwa: giwan ruwa, ƙarfasa, tarwaɗa, kurungu, wani lokaci yauni. Ɗaga marfin kunnensa, ciki ya zama ja, ido bai faɗa ba, in ka danna tsoka ta dawo. Na tafiya mai nisa kuwa banda za ka saya, kuma banda iri biyu ce. Akwai ta kwana ɗaya, mai laushi da daɗin miya, amma ba ta wuce kwana biyu zuwa uku ba ta yi fumfuna. Akwai wadda ta sha hayaƙi kwana biyu ko uku a wuta mai sanyi har ta koma kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, ita ce ke kai wa Kano ko Legas lafiya. Ƙwanƙwasa ta a tafin hannu, in gari ya zubo ƙwari sun shiga. Shinshina kuma, in ka ji warin magani maimakon hayaƙi ka ajiye, wasu na fesa maganin ƙwari. A kwali ko kwando ake zubawa, ba leda ba, leda gumi take sa shi.

Malamin Tarihi: Ga mai son tarihi, ba a Yelwa abin ya fara ba. Tsohuwar hedikwata ita ce Birnin Yauri, tana kusa, kuma har yanzu ana ganin ragowar ganuwa. Sarki Abdullahi Abarshi, wanda ya hau mulki a 1888, shi ya zaunar da sarauta a Yelwa. Ta Yauri Baturen nan mai binciken kogin Kwara, Mungo Park, ya wuce kafin ya halaka a Bussa a 1806, kuma tsohuwar Bussar tana ƙarƙashin tafkin yanzu. In ana bikin Rigata a zo a ga tseren jirage na Gungawa, mutanen tsibiran kogin, sai dai ranar ba tsayayya ba ce, a jira sanarwa. Fada kuwa ba a faɗa mata kai tsaye da kyamara, a nemi iso.

Nas: Abu biyu. Gidan sauro ga kowa, har da rani, don ruwa bai ƙarewa. Na biyu, a hana yara wanka a ruwan da ke kwance gefen ciyawa, nan dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya yake. In yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshe, a kai shi asibiti a auna. Maganin praziquantel ne, kuma gwargwadon nauyi ko tsayin yaro ake bayarwa, ba a saye a kemis a yi ta kirdado.

Direban Kwantagora: Malam, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka kawo iyalin: ruwa a cike, zafi da sauƙi, ga albasa ta fara fitowa a ƙarshensa. Afrilu zafi na haura digiri 40. Hanya ko ta Kwantagora ko ta Jega da Koko, duk wadda za ka bi ka fita da safe ka isa da rana, kuma ka tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya a ranar, ba labarin makon jiya ba.

Sabon Ma'aikaci: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, albasar fa, in an saya da yawa yaya ake ajiye ta?

Hajiya Mai Banda: Zaɓi wadda wuyanta ya bushe ƙayau, mai kaurin wuya ruɓewa take yi. Baza ta a inuwa kan katako ko rudu inda iska ke ratsawa ta ƙasa, kada ta taɓa siminti, kuma duk mako ka tsince wadda ta fara laushi.