Na haura iyakar albashi da dala miliyan 12, kasuwar 'yan wasa kuma Laraba za ta buɗe

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida a Columbus ta Amurka, a wani sito nake aiki. Wani abokin aikina ne ya koya mini ƙwallon Amurka, kullum lokacin cin abinci yana zana mini wasan a bayan kwali har na kamu. Shi ya shigar da ni wata gasa da mutum 32 suke yi a intanet: kowa yana riƙe da ƙungiya ɗaya ta NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a matsayin manaja, da dokokin kuɗi na gaske, kowa na zuba dala 200 a shekara. Ni kaɗai ne ɗan Afirka a ciki, kuma da na shiga har wani ya ce ba zan kai kaka biyu ba. Yanzu ina ta uku, bara saura wasa ɗaya na kai ƙarshe.

Iyakar albashin 2025 muke bi, wato jimillar da aka yarda ƙungiya ta kashe kan 'yan wasanta a shekara, dala miliyan 279.2, ni kuwa lissafina ya kai 291. Dole na sauko ƙasa kafin ƙarfe huɗu na yammacin Laraba. Kwatabak ɗina, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, shekararsa 34, kafaɗarsa ta samu matsala, nauyinsa a lissafin albashin bana miliyan 45. Ga babban ɗan bayana mai farautar kwatabak ɗin abokan hamayya, yaro ɗan shekara 26, kwantiraginsa ya ƙare. Wallahi kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Ya zan yi?

Yaya na Bronx: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sallami tsohon nan, ba wani dogon zance. Denver ta sallami Russell Wilson a 2024, ta haɗiye mataccen kuɗi miliyan 85, wato kuɗin da ake ci gaba da lissafa wa ƙungiya bayan ɗan wasa ya tafi, ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin. Aka ce sun mutu. Suka ɗauko Bo Nix a daraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara, a kakar nan suka shiga wasannin fitar da gwani. Tun 2011 da aka ƙayyade albashin sababbin 'yan wasa, arzikin manaja shi ne kwatabak yaro mai araha. Dubi yadda San Francisco ta ci moriyar Brock Purdy, wanda shi ne na ƙarshe a daraf ɗin 2022.

Maman Ilham: Ai bai faɗa mana komai kan kwantiragin ba. Ɗan uwa, nawa ne kuɗin sa hannun, shekara nawa suka rage, nawa aka lamunce masa bana?

Ɗan Tudun Wada: Afuwan Hajiya. Shekara biyar ne, saura uku. Kuɗin sa hannu miliyan 50, ana lissafa 10 kowace shekara. Albashin bana 35, an lamunce 20 a ciki. Amma Yaya, lokacin da na ba shi kwantiragin nan shi ne ya fi kowa a kasuwa, ba gangancin banza na yi ba.

Maman Ilham: To in ka sallame shi yau, ragowar 30 na sa hannu za su faɗo maka gaba ɗaya, ga 20 da aka lamunce, 50 ke nan. Ka ƙara wa kanka 5 a kan 45 ɗin da yake ci maka yanzu. Ni shawarata ka mayar da 30 na albashinsa kuɗin sa hannu, ka ƙara shekaru biyu na bogi a ƙarshen kwantiragin, waɗanda a takarda kawai suke, don a raba shi gida biyar. Bana 6 kawai za a lissafa, ka samu sararin 24.

Yaya na Bronx: Hajiya, da girmanki, wannan hanyar ƙungiyar New Orleans ce. Shekara da shekaru suna ture bashi gaba, kowace Fabrairu suna farkawa a cikin rami. A 2021 iyakar ta faɗo daga 198.2 zuwa 182.5 saboda korona, masu irin wannan dabarar suka ji a jikinsu. Ƙanena ya yi wa tsohon sallamar bayan 1 ga Yuni, wadda ke raba mataccen kuɗin shekara biyu, kowace ƙungiya tana da guda biyu: 30 bana, 20 baɗi, an wuce wurin.

Maman Ilham: Sararin wannan sallamar sai Yuni yake fitowa, shi kuma Laraba ake nema a wurinsa. Philadelphia ma da shekarun bogi take aiki, ta kuma ci kofi a Fabrairun 2025.

Na Zongo: Ni maganar iyakar albashi ciwo take tayar mini. Ita ta raba mu 'yan Barcelona da Messi a Agustan 2021, mutum yana kuka a gaban 'yan jarida. Shekara da shekaru ana sayar da kadarori, rajistar Dani Olmo ma sai da aka kai ruwa rana. Duk wanda ya ce ka ci bashin gobe, ka tuna Barcelona.

Bakatsine: Ka ma yi sa'a ana bin doka a taku. A tamu mai kula da gasar ya bar ƙaninsa ya haura iyaka har mako biyu, ni na makara da awa ɗaya ya ƙwace mini zaɓin zagaye na biyu na daraf. Har yau ban ga dala 150 ɗina ba.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya mayar da alheri. Ni dai ba zan iya sallamar tsohon kwatabak ɗin ba, shi ya kai ni inda na kai bara, zaɓina a daraf kuma na 29 ne, babu kwatabak na kirki da zai kai nan. In na bi ta Hajiya ina da sararin 12. Tambarin riƙe ɗan wasa, wato kwantiragin shekara ɗaya da zai hana yaron mai farautar kwatabak tafiya, ya haura miliyan 20, kuma duka a bana ake lissafa shi.

Yaya na Bronx: Shi ya sa na ce ka zaɓi ɗaya. Ba a gudu ana susar takashi. Ka bar yaron ya tafi, baɗi a ba ka zaɓin diyya a daraf, ko ka riƙe shi ka rabu da tsohon. Shekara 20 ina kallon wasan nan, mai kafaɗa irin wannan ba ya dawowa daidai.

Maman Ilham: Ko ya ba yaron shekara huɗu da babban kuɗin sa hannu, nauyin shekarar farko ya zauna ƙasa da 12. Amma sauran manyan kwantiraginka fa? Ba mai tsaron layi ko mai cafe ƙwallo da za a taɓa? Ka ware na 'yan daraf?

Ɗan Tudun Wada: Sauran ba na son taɓa su, da wuya na haɗa su. Wakilin yaron, wato shi mai kula da gasarmu, ya ce shekara huɗu ba za ta yiwu ba sai da lamunin miliyan 70. Zan sake buɗe lissafin in na tashi aiki da dare. Akwai wanda ya san ko ragowar miliyan 3 da ban kashe bara ba za ta biyo ni bana, ko sai na nema a rubuce?