Gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi a reshen gwaiba: yaya ake ƙyanƙyasa da renon 'ya'yan?

Baban_Yara_Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ana rage rassan gwaiba a gidan da muke haya a Agege, sai aka saro wani reshe da dunƙulen abu manne a jikinsa, mai ruwan ƙasa, bai kai ƙwan zabo girma ba, kamar kumfar da ta bushe. An ce min gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ne, kuma yara sun nace sai sun ga fitowar 'ya'yan. A ina zan ajiye shi? Kwana nawa yake yi? Me 'ya'yan suke ci? Sannan na ga ana cewa a intanet sai an sa shi a firji tukuna, gaskiya ne?

Malamin_Bayoloji:

Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da firjin domin shi ne mai saurin ɓarna: kada ka sa. Wannan shawara ta masu kiwon irin na Turai da Amurka ce, inda ƙwan ke kwanciya lokacin ƙanƙara sai bazara ya fashe. Namu na nan, galibi koren nan babba ɗan zuriyar Sphodromantis, bai san wannan hutun ba, sanyin firji kashe shi zai yi. Zafin ɗakin Legas, digiri 25 zuwa 30, ya ishe shi, kuma yakan fashe cikin mako 4 zuwa 6 daga ranar da uwar ta saka shi. Tunda ba ka san ranar ba, ka zauna da shiri tun yau.

Duba shi da kyau tukuna. Akwai wani layi mai ɗan haske da ya bi ta tsakiyar bayansa, nan ce ƙofar fita. In ka ga tarkacen fararen ɓawo na reto a layin, sun riga sun fita. In kuma ƙananan ramuka ne zagayayyu a gefe, irin hudar allura, wani mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro ne ya yi ƙwai a ciki, tsutsarsa ta ci rabonta. Wasu za su iya fitowa, amma kada ka sa rai da yawa.

Kada ka ɓamɓare shi daga reshen. Yanko reshen da shi, ka kafa a cikin babbar roba mai garai-garai, ta lita 5 ko fiye, layin nan yana kallon ƙasa, da fili na akalla santimita 10 a ƙarƙashinsa. Dalili kuwa, ba da ƙafa suke fitowa ba. Kowanne yana zurarowa ne a kan siririn zare, yana reto a iska, a nan yake tuɓe fatar farko ƙafafunsa su warware. In ƙasa ta yi kusa sai su faɗo kafin su gama, su lanƙwashe su mutu. Rufe bakin robar da yadi mai ƙananan ido ka ɗaure da roba, ka shimfiɗa tishu a ƙasa, ka zuba tsinkaye da busasshiyar ciyawa da yawa don su sami wurin maƙalewa. Yawanci cikin 'yan sa'o'i suke fitowa gaba ɗaya, kuma lafiyayyen gida yakan ba da 100 ko fiye.

Hajiya_Mai_Fulawa:

Malam ya gama magana kan ƙwan. Ni abin da zan ja kunnenka a kai, ɗan'uwa, shi ne abin da ke cikin ɗakunanmu. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti da magani a jikin zarensa, ko an wanke bai fita duka ba. In ka yanki irinsa ka yi murfi, to kwanansu ya ƙare, domin a jikin murfin suke yini. Nemi tsohon mayafi shara-shara ko sabon yadin net na tela. Haka maganin sauro na kunnawa, da na feshi, da fiya-fiya: ɗakin da ake amfani da su ba wurin robar ba ne, ko da kuwa an fesa ne tun daren jiya.

Sai kiyashi. Suna shiga ta idon yadi su kwashe jarirai tun jikinsu bai bushe ba. Ɗora robar a kan bulo ko kofi a tsakiyar faranti mai ruwa, kada ta taɓa bango ko labule. Tsaka ma tana zuwa in murfin bai ɗauru ba. Kuma kada rana ta doki robar kai tsaye, rufaffiyar roba a bakin taga tana dafa su cikin ɗan lokaci.

Ruwa suke fara nema kafin abinci. Kada ka sa musu kwano, ko babban ɗigo ɗaya yana iya riƙe ɗan jariri ya nutse. Kwalbar feshi irin ta masu aski, sabuwa, feshi ɗaya a bangon roba. Da damina, yadda iskar Legas take a jiƙe, duk bayan kwana biyu ma ya isa. Hatsarin lokacin fumfuna ce, don haka canja tishu da zarar ya yi ɗigon baƙi. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, kullum za ka fesa.

Baban_Yara_Agege:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Babu rami ko ɗaya a jikinsa, na rataye shi yadda aka ce. Saura abinci. Zan iya ba su garin kifi ko ɗan nama?

Ɗan_Mile12:

A'a Yaya, abin da ba ya motsi ba sa kallonsa. Rana ta farko zuwa ta biyu ba sa cin komai, daga nan sai farauta. Abincinsu ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba da ɓawon abarba, kuma tun kafin ƙyanƙyasa ake tanadinsu, ba ranar ba.

Dama rabin ayaba da ta nuna luguf da ɗan yis kaɗan a gindin gorar ruwa, ka cusa murɗaɗɗiyar takarda don tsutsa ta hau, ka bar bakin a buɗe yini guda kusa da kwandon shara ko teburin mai kayan marmari. Sun shiga sai ka toshe da auduga. Cikin kwana 10 ko ƙasa da haka sabbin ƙudaje za su fito. Haɗa sabuwar gora duk mako, domin gora ɗaya ba ta ɗorewa. Wajen zubawa, sa gorar a firji minti biyu zuwa uku su yi laushi, ka karkaɗa su ciki. Ƙuda 2 ko 3 ga kowane ɗa, duk bayan kwana biyu. Ka riƙa duban cikinsa: in ya shafe yunwa ce, in ya yi tim a ɗaga masa ƙafa.

Bayan saɓa (wato tuɓe tsohuwar fata) ta biyu ko ta uku sai ƙudan gida, ƙwarin fitila, ƙananan fara, da shinge in ruwa ya sauka. Abin da za a ba shi kada ya wuce sulusin tsawon jikin ɗan. Ka guji farar nan mai wari mai zanen rawaya da baƙi da ke cin ganyen rogo, da kyankyason gida, wanda ƙila ya bi ta kan magani.

Malamin_Bayoloji:

Ƙari kan maganar ɗan'uwa na Mile 12. Ba za ka iya ciyar da ɗari ba, kuma da yunwa ta taɓa su junansu za su ci. Ka ware 8 ko 10, sauran ka sake su cikin kwana biyun farko, da sassafe ko da yamma, a rarrabe a kan shuke-shuken da ba a yi wa feshi ba. 'Yan ƙasa ne, ba abin da za su ɓata. Waɗanda ka riƙe, kowa da kofinsa: tsayi ninki uku na tsawon jikinsa, faɗi ninki biyu, murfin yadi, da tsinke ɗaya a jingine.

Tsayin nan saboda saɓa ne, kuma a nan aka fi asara. Zai yi ta sau 6 zuwa 9 kafin fukafukai su fito, da farko kusan duk mako biyu, daga baya tazarar ta ƙaru, jimilla wata 3 zuwa 5. Alamarta ya ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, ya rataye kai ƙasa bai motsi. Cire duk wani ƙwaro mai rai daga kofin, musamman gyare, wanda kan ci shi yana danye. Yi feshi kaɗan a bango, ka hana yara ɗaga kofin. Nauyin jikinsa ne ke zare shi daga tsohuwar fata, shi ya sa in ya zame daga roba mai santsi, ko iska ta bushe fatar ta kama ƙafa, sai ya fito a karkace. Bayan ya fita a ba shi awa 24 ba abinci ba taɓawa. Ƙafar da ta guntule tun yana ƙarami takan dawo a saɓa ta gaba ko ta bayanta.

In sun yi saɓa huɗu, yara za su iya rarrabe jinsi da kansu: a ƙirga gaɓoɓin ciki ta ƙasa, 6 mace ce, 8 namiji.