Tallafin Gaggawa ga Ɗaliban Jami'a Lokacin Annoba: Shawarwarin da Aka Bayar

Da aka tattauna batun tallafin lokacin korona, shawarar da kowa ya nanata ita ce kada ka zauna jiran a neme ka. Tuntuɓi ofishin tallafin ɗalibai tun da wuri, domin kuɗin kan ƙare kafin a kai ga masu jinkiri.

A tattaunawar, kan batun cike fom aka fi daɗewa, kuma da dalili. "Ina cikin matsi" kaɗai ba ya isa. Faɗi abin da ya faru ƙarara: an rufe ɗakunan kwana, aikin wucin gadi ya tsaya, kwamfuta ta lalace ga darasi ya koma intanet. Haɗa da shaida, ko rasit ko takardar sallama daga aiki.

A Amurka, dokar agajin korona mai suna CARES ta Maris 2020 ta ware wa manyan makarantu kusan dala biliyan 14, da sharaɗin kaso mai yawa ya shiga hannun ɗalibai. Sai dai da farko ba a sa ɗalibai 'yan ƙasashen waje ba. Su aka ba shawarar neman tallafi daga asusun jami'ar kanta.

Tabbatar tallafin kyauta ne, ba bashi ba. Duk wanda ya ce sai ka biya kafin a ba ka, ɗan damfara ne.